Kwana Shida a Bayan Keken Kawu Babba

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu Babba, wan mahaifiyata, a ɗakin hayarsa da ke bayan shagon gyaran kekensa a unguwar Manshiya. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa a nan Sabha, garin Larabawa a ƙetaren sahara da ya ci rabin rayuwarsa. Na Allah ne mu duka, wajensa za mu koma, Kawu dai ya riga mu isa.

Mutane sun zo fiye da yadda na zata. Maƙwabcinsa, wani dattijo Balarabe mai garejin mota, ya rufe garejin kwana uku cur, ya kafa rumfa a bakin titi, ya zauna yana zuba wa masu gaisuwa shayi da hannunsa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, ita yake ta maimaita wa kowa, hawaye na bin gemunsa. Leburorin gini suka zo da siminti a ƙafafunsu. Masu aikin gona daga Wadi Bawanis suka cika bayan kamiyo guda, babbar motar kaya. Wani a cikinsu ya ce tun da ya shigo ƙasar nan babu hannun da ya taɓa kekensa sai na marigayi, yanzu bai san inda zai kai shi ba. Ya faɗa kamar abin dariya, sai kuma ya share ido.

A tsakiyar rumfa Kawu Auta ke zaune, ƙanen marigayi kuma autan kakata, cikin farar shadda, shi ake miƙa wa hannu. Ya yi kuka ƙwarai. Ba zan ce kukan ƙarya ya yi ba, don ban shiga zuciyarsa ba.

A rana ta biyu wani Bakano mai sayar da takalma ya zo. Shekara bakwai rabonsa da gaishe da Kawu Babba, ko a masallaci suka haɗu sai ya canza sahu. Ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, da zai tashi sai ya ce wa na kusa da shi ƙasa-ƙasa:

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, in ban da abin nan na keke."

Na kusa da shi ya gyaɗa kai. "Kowa da inda ƙafarsa ta zame. Allah ya yafe masa."

Ina riƙe da faranti cike da kofunan shayi. Na ajiye shi a ƙasa don kada ya suɓuce, na shiga cikin gida. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana zaune a ƙarƙashin taga cikin takaba, tagar kuwa rumfar take kallo.

"Ka ji?" ta ce.

"Na ji, Inna."

"Shi ya ɗaure maka baki, ba ni ba. Ga shi ya tafi. In ka bari aka binne sunansa da wannan ƙazantar, kai ma kana cikinsu."

Dalilin wannan rubutu ke nan. Ni magini ne, lakwal ɗina, wato bokona, ba ta yi nisa ba, amma ina cikin mutum goma sha biyun da suka yi waccan tafiya, kuma na ga abin da sauran ba su gani ba.

Kawu ya zo Sabha daga Damagaram tun kafin a fara kiranmu 'yan'uwa a rediyo. A samartakarsa ya yi tseren keke a bukukuwan ƙasa, kuma yana da wani siririn keke mai lanƙwasasshen kai da ya ƙetaro sahara da shi a saman kaya, yana rungume da shi kamar jariri, in ji waɗanda suka zo tare. Ba ya barin kowa ya hau shi. Ni kaina sau ɗaya na dafa sirdinsa, ya buge mini hannu.

Gajere ne, baƙi, mai ƙwauri kamar taɓarya. Ƙafar wandonsa ta dama kullum a cuse take cikin safa, ko masallaci zai je, har Inna ta gaji da magana. In aka kawo masa keke ba ya tambayar abin da ya lalace. Sai ya ɗaga ƙafar baya, ya juya feda, ya karkata kai yana saurare, sannan ya dubi mai keken: "Kwana arba'in ba ka ba sarƙar nan mai ba. Kai kwana nawa za ka yi ba ka sha ruwa ba?" Yana da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya taɓa korar mutum daga shago don ya kwantar da kekensa a ƙasa ta gefen sarƙa. Amma baƙon da ya sauko daga motar sahara bai san kowa ba, a shagon nan yake fara cin abinci. Kawu zai haɗa masa keke daga tarkacen da ke rataye a bango, ya ce: "Je ka nemi aiki da shi. Mai ƙafa gona ɗaya yake tambaya a yini, mai keke biyar."

Haka ya yi wa Kawu Auta, ya ma fi haka. Shi ya aika aka kawo shi, ya hana shi ɗaukar bulo, ya kai shi koyon Larabcin karatu wajen wani malami, ya ce gidanmu ma a samu mai riƙe alƙalami. Kawu Auta kuwa yana da kai. Cikin 'yan shekaru ya zama tafinta, duk mai magana a ofis shi yake nema. Ya fara sa kwat, ya auri 'yar wani ɗan kwangila ɗan ƙasarmu mai leburori da yawa. In Kawu Babba ya hango shi tafe sai ya goge hannu a tsumma, ya ce wa na zaune: "Ga namu nan, ga bakin gidanmu."

Sai shekarun nan suka zo da aka buɗe ƙofa ga baƙar fata. Talabijin ba shi da zance sai haɗin kan Afirka, aka kafa alluna masu taswirarta a manyan tituna, mutanenmu suka yi ta kwararowa. Sai dai allo daban, bawwaba daban. Bawwaba ita ce shingen bincike a bakin gari, kuma a can ba taswira ake tambaya ba, ikama ake tambaya, takardar izinin zama. Mafi yawanmu ba mu da ita.

Wata safiya Kawu Auta ya zo shago da labari. Wani kwamitin wasanni zai shirya tafiyar keke ta zumuncin Afirka, daga Sabha zuwa Murzuk a dawo, kwana shida, mahayan duka baƙi daga ƙasashe dabam-dabam. Duk wanda ya kammala za a miƙa masa ikama a gaban jama'a.

"Yaya, mutum goma sha biyu suke so, kuma kai na ba su a matsayin jagora. Sunaye kawai za ka haɗo mini, da hoto bibbiyu."

Kawu yana da ikamarsa tun tuni, ba abin da zai ƙaru da shi. Inna ta faɗa masa haka ƙarara, ina wurin.

"Malam, shekararka sittin da ɗoriya. Takardarka na cikin akwati. Me za ka je nema a cikin rana?"

"Mutanen nan fa? Kullum sai sun zagaya ta bayan gonaki kamar ɓarayi kafin su je aiki."

"Kai ka haife su?"

"Ni suka fara yi wa sallama a garin nan."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba, amma ita ta daka mana garin gero da ƙuli-ƙuli na guzuri.

Samun mutane bai zo da sauƙi ba. Marar takarda ba abin da yake tsoro kamar a rubuta sunansa. Wani ɗan Gana mai dakon kaya a kasuwar kayan miya, wanda ya koyi Hausarsa a zango, ya ce: "Baba, suna da hoto, in ya shiga hannu na shurta fa?" 'Yan sanda yake nufi. Kawu ya dafa ƙirjinsa.

"Daga hannuna sai hannun ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. In wani abu ya same ka, ni ka kama."

Da wannan maganar ya tara mu: 'yan Nijar biyar, da shi da ni a ciki, Kanawa uku, 'yan Mali biyu, ɗan Cadi ɗaya, sai ɗan Ganan. Wata guda ya yi yana haɗa kekuna goma sha ɗaya da kayan shagonsa. Kwamiti riguna kawai ya ba mu masu taswira a ƙirji, da mota ɗaya mai binmu da ruwa.

Ranar tashi an yi mana jawabi, an ɗauki hoto, aka ɗaga tuta. Ba mu yi nisa da gari ba muka watse kamar awaki, kowa na son nuna ƙarfinsa. Kawu ya ƙyale mu har muka fara haki, sannan ya tsayar da mu a gefen kwalta.

"Kun gama? To ku ji. Layi ɗaya za mu yi, taya a bayan taya. Na gaba shi ke fasa iska, na baya yana hutawa a bayansa. In na yi fito, na gaba ya koma ƙarshe, mai bi masa ya karɓa. Kowa zai sha iska, kowa zai huta."

Ya ba kowa ƙwallon dabino ya ce a riƙe a baki, yana hana maƙogwaro bushewa. Da la'asar muka shiga Gudduwa a jere kamar carbi, manoma suka fito daga cikin dabinai suna kallonmu. Wani tsoho ya kawo mana kwandon dabino da nono mai sanyi, bai ma tambayi daga ina muke ba.

A rana ta biyu iskar kudu ta taso mana gaba da gaba, mai zafi kamar bakin tanda. Kana taka feda da dukan ƙarfinka, kana ganin dutse ɗaya a gefen hanya ya ƙi wucewa. Ɗan Gana ya fara tsinkewa daga layi. Ƙato ne, amma ƙarfinsa a kafaɗa yake, bai saba da sirdi ba, cinyoyinsa duk sun goge. Sau uku muna tsayawa jiransa. A na huɗu Bakano mai takalma ya yar da kekensa.

"Baba, gaskiya a sa shi a mota. Mutum ɗaya ba zai kashe goma sha ɗaya ba."

"In ya shiga mota ya rasa takarda. Haka sharaɗin yake."

"To laifin wa? Kowa tasa ta fishe shi."

Kawu ya sauka, ya tako har gabansa, kansa bai kai kafaɗar Bakanon ba. "Jiya da la'asar a bayan wa ka ɓuya da ƙafarka ta riƙe? Ba a bayan ƙaton nan ba? Ɗauki kekenka. Kuma kada in sake ganin ka yar da shi ta gefen sarƙa."

Muka yi dariya, har shi Bakanon. Daga nan Kawu ya koma ƙarshen layi, ya jera da ɗan Gana, ya ɗora tafin hannunsa na dama a gadon bayansa, yana tuƙi da hagu yana tura shi. Haka suka yi har Taragan. Ina jin ɗan Gana yana cewa, "Baba, ni ya gaji, bar ni," Kawu na amsa masa, "Ka gaji gobe. Yau ba ni da lokaci."

A Murzuk an tarbe mu da kiɗa, aka yanka mana rago. A can ne na iske Kawu a bayan masallaci yana wanke wandonsa a ɓoye, ruwan ya yi ja.

"Kawu, kai ba takarda kake nema ba. Ka shiga mota mana."

"In na shiga mota, kafin azahar mutum uku sun biyo ni. Rufe bakinka, ɗan ƙanwata, ka miƙo mini sabulu."

A dawowa mun zama wasu mutane daban. Ba a jiran fito, kowa ya san lokacinsa. Tayar ɗaya daga cikin 'yan Mali ta yage, abin liƙi ya ƙare, sai Bakanon nan da kansa ya yanke fatar takalminsa aka cusa a ciki. A rana ta biyar muka yi hutun tsakar rana a inuwar dabinan Gudduwa, kowa ya shiga faɗin abin da zai yi da ikamarsa. Ɗan Gana ya ce matarsa zai kawo. 'Yan Mali, wa da ƙane ne, suka ce za su je su ga tsohuwarsu su dawo ta ƙofa. Ɗan Cadi, wanda ba ya yawan magana, shi ya zo ƙarshe.

"Ni babban titi zan bi," ya ce, "a hankali, ina cin gyaɗa, ba waiwaye."

Kawu yana kwance rigingine, hula a fuska, ina ganin gemunsa na motsi don murmushi.

Safiyar rana ta shida muka wanke rigunanmu, Kawu ya bi sarƙoƙi goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga musu mai. Kafin azahar muka hango tsohuwar ganuwar Sabha a kan tudu. 'Yan Mali suka fara waƙa da yarensu, muna amsawa ba mu san abin da muke cewa ba.

A bawwaba aka tsayar da mu. Akwai kamiyo a gefe, a bayansa mutum goma sha biyu baƙaƙe irinmu, sanye da riguna irin namu, sai dai nasu sababbi ne fil. Wani mutumin kwamiti mai baƙin tabarau ya fito yana tafa mana. Ya ce mun yi ƙoƙari, mun gaji, mu sauka mu huta. Talabijin na jira a filin gari, kuma ba zai yi kyau a nuna mu haka fuska a ƙone ba, 'yan'uwanmu za su ƙarasa mana. Ya juya ga Kawu.

"Kai kuwa, ya Hajj, kana iya shiga gaba. Furfurarka za ta yi kyau a hoto."

"Da mutanena, ko ba da su ba?"

"Kai kaɗai."

"To nan nake."

Aka fara karɓar kekunan. Da aka zo kan na Kawu ya riƙe kansa da hannu biyu. Wani mai kaki ya ɗora nasa hannun. Na ga ɗan Gana ya yunƙura zai tashi, na ga mai kakin ya dafa kulkinsa. Kawu ma ya gani. Ya ce, "Zauna," ya saki keken da kansa.

Aka zaunar da mu a bayan katanga, cikin rana. Daga nesa muna jin ganguna da ƙahon motoci. Ƙishi ya dame mu, na roƙa aka bar ni in ɗebo ruwa a mota. Da na zagayo katangar sai na bi ta gaban tagar ɗakin masu bincike. Kawu Auta na ciki, tsaye kusa da tebur. A kan teburin ga takardar sunayenmu. Na san ta, don a gabana Kawu Babba ya manna hotunan da gam ɗin liƙin taya. Yatsan Kawu Auta na bin sunaye yana sauka, yana tsayawa. Sau huɗu ya tsaya. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya juya mini baya.

Ba a jima ba aka kira mutum huɗu: ɗan Gana, 'yan Mali biyu, da ɗan Cadi. Su ne ba su da ko katin ƙasarsu, ba su kuma da ubangida a gari. Aka tura su bayan wata mota mai waya. Ɗan Gana ya kama wayar da yatsunsa, bai yi ihu ba, a hankali ya faɗa:

"Baba, kai ya ce in kama ka."

Motar ta tashi. Kawu ya bi ta da gudu, da ƙafafun da suka yi kwana shida a kan feda. Bai yi taku ashirin ba ya faɗi a kan kwalta. Bayan la'asar aka sallami sauranmu, muka shiga gari a ƙasa, da taswirar Afirka a ƙirjinmu.

Washegari da rana aka nuna bikin a talabijin ɗin garejin maƙwabci. Mutum goma sha biyu suna karɓar ikama ana tafi. Uku ƙannen matar Kawu Auta ne, sauran leburorin surukinsa. A gaba, kan siririn keken Kawu, babban ƙanen matar ne, yana ta tangaɗi don bai san inda ake riƙe lanƙwasasshen kai ba. Dattijon Balarabe ya tashi ya kashe talabijin, ya tofar da yawu a ƙasa.

Na faɗa wa Kawu abin da na gani ta taga. Ya aika a kira ƙanensa, sai a rana ta uku ya zo. Kawu ya janyo ƙofar shago rabi.

"Auta, ɗan yayarka ya gan ka."

"Yaya, surukina ne ya matsa mini. Ya ce in ban sa mutanensa ba in sakar masa 'ya. Shi kuma na kwamiti ya ce masu tsabta yake so."

"Wannan na ji. Huɗun fa?"

Kawu Auta ya dubi takalminsa.

"An ce za a yi surutu. An ce in an kama kaɗan sauran za su yi shiru. An ce in nuna waɗanda ba mai tambayarsu."

"Ba mai tambayarsu," Kawu ya maimaita. Akwai sifana a hannunsa. Ya dube ta, ya ajiye ta a kan benci a hankali. "Fita."

Da ya fita na ce zan je majalisar mai shayi in faɗa wa kowa. A lokacin zukata sun yi zafi, har akwai masu rantsuwa da wuƙa. Kawu ya kama wuyan hannuna, ban san tsoho na da irin wannan ƙarfi ba.

"In suka sani, kashe shi za su yi. Wa zai kai wa tsohuwa labari a Damagaram, ni ko kai? Ni tsoho ne, zagi kawai za su yi mini. Muddin ina numfashi ba ka ga komai ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya biyo baya. Duk wanda ya tambayi Kawu Auta yadda aka yi, amsarsa ɗaya ce: "Ni tafinta ne kawai. Sunaye daga hannun Yaya suka fito." Ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma da ita ya yanka wansa. Gari ya ɗauka Kawu Babba ne ya sayar da mu. Aka ce ai shi ba a kama shi ba, ba a kama ɗan ƙanwarsa ba. Ƙin shiga gaban da ya yi a bawwaba, Bakano ya ce wasan kwaikwayo ne. Mutanen da ya fasa wa iska kwana shida suka daina amsa sallamarsa. Wata safiya muka iske an zuba baƙin mai a ƙofar shago. Ya ɗebo yashi ya rufe, ya buɗe shagonsa.

Mako biyu shi da maƙwabcinsa suna bin ofis-ofis, dattijon na gaba yana magana, Kawu na baya da hula a hannu. A ƙarshe aka ce musu an sa huɗun a kamiyo an yi kudu da su. Daga baya wani ya ce ya ga ƙaramin ɗan Malin a tashar Agadas, shi kaɗai. Sauran ukun ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Tun daga nan duk baƙon da ya sauko daga sahara, kafin Kawu ya ba shi abinci sai ya tambaye shi ko ya gamu da wani ƙato ɗan Gana a hanya. Bai sake hawa keke ba. Yana gyarawa, yana juya feda da hannu yana saurare, amma duk inda zai je a ƙasa yake zuwa.

Bayan shekara uku kakata ta rasu. Na ce, "Kawu, yanzu fa?" Ya ce yanzu Auta yana da 'ya'ya. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji haushin Kawu Babba har na yi wata biyu ban leƙa shagon ba. Gani nake ya zaɓi ƙanensa ya bar gaskiya, ya kuma sa ni na zama mai taya su ɓoyo. Har yau ban tabbatar daidai ya yi ba. Abin da na sani shi ne shi ya ɗauki kayan, bai ɗora wa kowa ba, sai ɗan abin da ya zubo a kaina.

Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa, da safe, Kawu Auta ya zo da ledar lemu. Inna ba ta amsa gaisuwarsa ba, ta ɗauki buta ta fita. Ni ban fita ba. Ya durƙusa a bakin katifa.

"Yaya, ka yafe mini."

Kawu ya daɗe yana tara numfashi.

"Kekena, na yafe. Sunana da ka bari aka ɓata, na yafe. Shekara bakwai ɗin nan duka na yafe, Allah shaida."

Kawu Auta ya fashe da kuka, ya kama hannunsa yana hamdala. Kawu ya zare hannun.

"Tsaya, ban gama ba. Akwai mutum huɗu. Haƙƙinsu ba a hannuna yake ba, ba ni da ikon yafe shi. Je ka neme su."

"Yaya, ina zan same su yanzu?"

"Da yatsa ka nuna su. Nemo su da ƙafa."

Ya juya fuskarsa bango. Kawu Auta ya ɗan zauna, ya tashi, ya tafi. Har yau da nake rubutun nan yana Sabha, bai je ko'ina ba.

Ban rubuta wannan don a taɓa shi ba. Duk wanda ya ɗaga masa hannu ya ci amanar marigayi karo na biyu. Na rubuta ne don waɗanda suka zauna a rumfar nan su san wanda suka yi wa addu'a, su kuma cire "in ban da" daga bakinsu. Allah ya jiƙan Kawu Babba, ya yalwata masa kabari, ya sanyaya masa ƙafafun da suka wahala domin wasu, ya ba Inna haƙuri.

In kuma takardar nan ta yi nisa, ta faɗa hannun wani a Agadas, ko Gawo ta Mali, ko wani zango a Gana, kuma ka san wani ƙato da ya taɓa taka keke daga Sabha zuwa Murzuk ya dawo, don Allah ka karanta masa. Ka ce masa tsohon bai sayar da shi ba. Ka ce masa an yi ta tambayarsa.